Tambaya da Amsa: Rijiyarmu Ta Ciko, Amma Ruwan Ya Gurɓace

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Rijiyar Lemo, Kano. Da bazara sai an ƙara igiya kafin guga ya taɓa ruwa a rijiyar gidanmu, amma ruwan garau yake. Da an yi ruwan sama mai ƙarfi, washegari sai mu tarar ta ciko, ruwan ya koma kamar kunun kanwa, har da ɗan wari. Bara a Agusta yarana biyu sun yi fama da gudawa. Maigidana ya ce albarkar damina ce, in bar ruwan ya kwanta a randa. Haka ne? Daga Maman 'Yan Biyu.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa yara lafiya. Ki gaida mini maigida, amma a nan kam ban bi bayansa ba.

Ƙarƙashin Kano dutse ne. Ruwan da rijiyoyinmu ke samu yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙasansa. Ruwan sama kafin ya isa can sai ya ratsa yashi da jar ƙasa a hankali, ya ɗauki makonni, ƙasar tana tace shi a hanya. Shi ya sa lafiyayyar rijiya ba ta cikowa da ruwan Yuni. Sai Agusta ta yi nisa take fara tasowa sosai, ta kai ƙarshen cikarta wajen Satumba ko Oktoba. Rijiyar da ta ciko a dare ɗaya, ruwanta ta gajeriyar hanya ya zo: ko ta baki, ko ta wata tsaga a jikinta, ɗauke da duk abin da ya sharo a tsakar gida da kwata.

Na taɓa shiga rijiyar gidan mahaifina saboda irin wannan. Ina isa kwankiri na uku sai ga ramin gafiya a bayansa, ya miƙe tiryan-tiryan zuwa wajen makewayi. Shekara biyu muna sha, muna cewa ɗanɗanon damina ne.

Warin da kika ambata shi ya fi tayar mini da hankali. Ƙa'ida ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai. To, fulotin ƙafa hamsin-hamsin duka tsawonsa wajen mita 15 ne kawai, ga kuma masan maƙwabta a bayan katanga. Da rani ruwan ƙasa yana can nesa da gindin masai; da damina ya taso, sai su gaisa. Daga nan taifot da amai da gudawa ke samun ƙofa.

Ki sa a ɗaura alama a igiya, a auna zurfin ruwan kafin hadari ya sauko da kuma washegari da safe. In bambancin ya yi yawa, a kira mai haƙar rijiya ya duba jikinta ya toshe tsaga. A ɗaga bakinta, a yi mata daɓen siminti mai gangara waje, a sa murfi, a keɓe mata guga ɗaya da ake ratayewa. Alif ko dakakken ƙwallon zogale suna kwantar da laka, amma ba sa kashe ƙwayoyin cuta. Bayan ya kwanta a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin a jira rabin awa. Yaro kuma in ya fara gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a wuce asibiti.

Tambaya: Malam, madatsu sun cika maƙil, amma da damina famfonmu ya fi yin rowa, in ya zo ma ja-ja yake. Ina dalili? Daga wani malamin makaranta a Sharaɗa.

Amsa: Malam, cikar kogi ba ta sauƙaƙa wa matatar ruwa aiki. Matatar Tamburawa daga Kogin Kano take ja, ta Challawa kuma daga Kogin Challawa. Ruwan farko yana kwaso ƙasar gonakin da aka yi wa huɗa, da taki, da sharar wata bakwai. Irin wannan ruwa yana cin alif da yawa, yashin tacewa ya riƙa toshewa, a yi ta tsayawa ana wanke shi, abin da ake turowa gari ya ragu. Ja-jan kuwa sau da yawa a unguwa ake samunsa: bututun da ya bi ta cikin kwata, in ya tsage kuma babu ruwa a ciki, zuƙo na kwatar yake yi. Ka bi naku da ido daga bakin titi zuwa gida.

Cikar madatsun kuma ajiya ce ta rani. Kusan duk ruwan saman Kano a wata huɗu yake sauka, Yuni zuwa Satumba. Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, da Challawa ta Ƙaraye da aka gama a 1992, su ke riƙe shi. Abin da ka sha a Afrilu ruwan Agustan bara ne, bayan rana ta kwashe rabonta. Mutanen Haɗeja da Nguru suna da nasu labarin a kan wannan riƙo: ambaliyar da ke shayar da fadamunsu ta canza, ciyawar kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa. In wani daga can ya rubuto, za mu ba shi shafin nan gaba ɗaya.