Shin ana iya ƙera wa Mama sabuwar ƙoda?

Ɗan'uwa, ka ce Mama na wankin ƙoda a Kumasi, kana tambayar ƙodar da ake ƙerawa. Allah ya ba ta lafiya.

Don ƙera ta, ana samo wata ƙodar ne a wanke ta da sinadari mai kama da sabulu, ƙwayoyin halittarta su fita, farar saƙar da ke riƙe ƙwayoyin da hanyoyin jini su rage. Sai a zuba ƙwayoyin majinyaci, don kada jikinsa ya ƙi ta. A 2008 ayarin masu bincike na Doris Taylor a Amurka ya gwada wannan dabara da zuciyar ɓera, ta buga bayan kwana 8, amma da rauni ƙwarai.

Ƙoda irin wannan har yau ba a dasa wa mutum ba, jini na daskarewa a ƙananan jijiyoyinta. Kada ku jira. Ku je asibitin Korle Bu a Accra ku yi maganar dashe daga dangi.