Mama tana gudun a kira Fada ya shafa mata mai

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce wata huɗu ke nan da aka yi mata aiki a ƙugu, sauƙin yana tafiyar hawainiya, kuma da an ambaci shafa mai sai ta ce so ake a sallame ta.

Tsofaffinmu da yawa haka suka ɗauka, wai shafa mai na wanda ke bakin mutuwa ne kawai, amma wannan sakramenti na duk mai ciwo mai tsanani ne, ana kuma iya maimaita shi. Karanta mata Yakubu 5:14-15, ta ji da kunnenta. Mai ne ɗan kaɗan a goshi da tafin hannu, sai addu'a.

Lokacin da babana yake kwance a asibitin Shika, abin da ya fi riƙe shi shi ne katikis, wato mai koyar da addini a coci, da ke kawo masa Jibin Ubangiji ranar Lahadi. Rosari ma ya gagare shi, goma ɗaya yake ja barci ya kwashe shi, carbin a hannu. Ba mu taɓa tashinsa ba.

Ki je ofishin cocinku, ko Katidiral na Christ the King a Sabon Gari, Zariya, ki ba da sunanta. Maganin likita kuwa, kada a fasa ko ƙwaya ɗaya.