Zauren Tambaya: Ta Wace Ƙofa Ake Shiga Aikin Nas?

Wasiƙun wannan karo kusan duk a kan karatun jinya suka zo, daga Katsina da Daura da kewaye. Mun zaɓi shida, malaman jinya da ke tare da wannan zaure suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Bana na gama sakandare. Na samu kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri, amma Fiziks D7 ne. Ƙawata ta ce tunda ina da B3 a Aikin Gona, zai rufe mini. Gaskiya ne?
Ɗaliba daga Daura

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴata. Ba zai rufe miki ba. Majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, wato NMCN, darussa biyar ta gindaya: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kowanne da kiredit. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 an ci, amma ba su kai ba. Aikin Gona, komai kyan makinsa, ba ya tsaya wa ko ɗaya daga cikin biyar ɗin. Ko da wata makaranta ta kau da kai ta ɗauke ki, ranar da aka tura takardunki majalisa don a ba ki lambar ɗalibi za a dawo da su, ga kuɗi sun tafi, ga shekara ta tafi.

Sauƙin abin shi ne an yarda a haɗa sakamakon zama biyu, ba fiye ba. Ki adana wannan sakamakon, ki yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta NECO ko WAEC da ake yi a ƙarshen shekara, ki sa ƙarfinki duka a kan Fiziks. C6 ma ya wadatar, sai a haɗa da na farko. In Allah bai nufa ba a wannan karo, ki sake zama, ki haɗa na farko da na uku, ki bar na tsakiya, har yanzu zama biyu ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne tsinto darasi nan da can daga takardu uku.

Wajen rajista ki sa ido a kan suna da ranar haihuwa. Yadda aka rubuta a katin NIN, haka za a rubuta a NECO da JAMB, harafi da harafi. Wadda aka sa wa sunan uba a wannan takarda, na kaka a waccan, ita ke kai-komo tsakanin kotu da ofis tana rantsuwa, sa'o'inta suna aji.

Tambaya: Ƴata ta haɗa kiredit ɗinta biyar a zama ɗaya, amma shawarwari sun yi mini yawa. Wani ya ce karatun shekara uku ne, wani ya ce yanzu difloma ake yi, wani ya ce in ba digiri ba ɓata lokaci ne. Ni ɗan kasuwa ne, ban san kan abin ba.
Uba daga birnin Katsina

Amsa: Alhaji, Allah ya yi mata albarka. Mutanen nan uku kowa ya riƙe wani yanki na gaskiya.

Shekara uku ita ce tsohuwar hanya, wadda yawancin nas-nas ɗin asibitocinmu suka bi. Ɗaliba ta yi shekara uku tsakanin aji da asibiti, ta ci jarrabawar majalisa, ta zama nas mai rajista, abin da ake taƙaitawa da RN. Ta ungozoma ma haka take, sai a fito da RM. Nas ce cikakkiya, ba mai ja da wannan. Sai dai takardarta ta ƙwarewar aiki ce kawai, ba difloma ba ce, ba digiri ba, don haka ba ta zuwa bautar ƙasa, kuma wajen ƙarin girma masu digiri kan sha gabanta. Wannan giɓin ne ya sa aka shiga mayar da makarantun jinya kwalejoji.

A tsarin kwaleji shekara huɗu ake yi a jere: biyu na ƙaramar difloma, ND, biyu na babba, HND, a ƙarƙashin kulawar NMCN da hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna. Ta JAMB ake shiga, da Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Lissafi ba ya cikin darussan JAMB na jinya, duk da dole ne a same shi a sakamakon sakandare, kuma yara da yawa kan yi wannan kuskuren wajen cike fom. A 2025 JAMB ta sa maki 140 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin makin kwalejojin jinya, amma wannan ƙasan tudu ne kawai. Kowace kwaleji na iya ɗaga nata, sannan ta yi jarrabawar tantancewa, don masu nema sun ninka guraben da majalisa ke yarje mata.

Ga inda muke so ka tsaya ka fahimta, Alhaji. Ƙaramar diflomar jinya ba wurin sauka ba ce. Wadda ta yi shekara biyu ta tsaya, ko don aure ko don kuɗi sun yanke, ba ta da lasisi, doka ba ta ba ta ikon aikin nas ba. Jarrabawar RN sai an cika shekara uku, ta huɗu kuma a ƙara ƙwarewa ta biyu, kamar ungozoma ko lafiyar al'umma. Saboda haka lissafin shekara huɗu za ka yi tun yau, da kuɗin makaranta da kayan sawa na aiki da kuɗin mota zuwa asibitocin da za a tura ta. In akwai maganar aure a tsakani, a zauna da mijin tun kafin a sa rana, a gaya masa akwai aikin dare, akwai kuma turawa ƙauye na makonni.

Digiri, BNSc, shekara biyar ne a jami'a. Akwai shi a Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Bayansa shekara ɗaya ta horon aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa, bakwai ke nan. Shi ne ya fi buɗe hanyar koyarwa da shugabanci da digiri na biyu, shi ne kuma ya fi wuyar samu.

Ra'ayinmu: in makinta ya yi sama sosai kuma aljihu zai ɗauka, ta nemi digiri. In bai yi ba, kada a zaunar da ita gida shekara da shekaru ana jiran jami'a. Ta shiga kwaleji. Kwalejin jinya ta jihar Katsina tana da makarantar jinya a Katsina da ta ungozoma a Malumfashi. Mai RN na iya komawa jami'a daga baya ta shiga kai tsaye a aji biyu, ko ta yi digirin a Jami'ar Karatu daga Gida, NOUN, tana aiki tana karɓar albashi. Kowace hanya aka zaɓa, a tabbata an ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB, in gurbi ya fito kuma a danna amincewa a CAPS, sashen shafin JAMB da ake karɓar gurbi. Gurbin da bai bi ta nan ba, rigima yake jawowa ranar tafiya bautar ƙasa.

Tambaya: Yayana da ke Amurka ya ce a can shekara biyu ake zama nas. Me ya sa mu ake wahalar da mu?
Matashi daga Kofar Ƙaura

Amsa: Ɗana, yayanka bai yi ƙarya ba, amma ya ƙirga rabi ne. Abin da yake nufi shi ne ƙaramin digirin jinya, ADN, da ƙananan kwalejojin al'umma ke bayarwa. An fara shi ne a farkon shekarun 1950 saboda ƙarancin nas-nas bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shekara biyun ba ta fara ƙirguwa sai ɗalibi ya gama darussan share fage: ilimin sassan jiki da aikinsu kashi biyu tare da ɗakin gwaji, ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta, Kemistiri, rubutun Turanci, ilimin halayyar ɗan Adam, wasu su ƙara ilimin abinci mai gina jiki da ƙididdiga. Wannan kan ci shekara guda ko fiye. Kwalejoji da yawa ba sa karɓar darasin kimiyyar da ya daɗe, galibi wanda ya wuce shekara biyar zuwa bakwai, sannan akwai jarrabawar shiga irin TEAS. In an gama a zauna jarrabawar lasisi, NCLEX. A aikace shekara uku ce, daidai da namu, bambancin kawai mu a cikin makaranta muke yin share fagen. Manyan asibitoci da yawa a can ma sun fi son mai cikakken digiri. Wanda ya yi karatun a waje ya dawo gida kuwa, sai NMCN ta tantance takardunsa ya ci jarrabawarta kafin ya taɓa maras lafiya.

Tambaya: Na gama CHEW, wato kwas ɗin ma'aikatan lafiyar al'umma, a makarantar koyon aikin lafiya ta Daura, ina aiki a ƙaramin asibiti. Za a rage mini shekaru in na koma jinya?
Ma'aikaciyar lafiya daga Mai'adua

Amsa: Malama, kada ki sa rai da ragi. CHEW shekara uku ne, ƙaraminsa JCHEW biyu, kuma hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ce ke ba su lasisi, ba NMCN ba. Layi biyu ne daban. In jinya kike so, ki duba kiredit ɗinki biyar, ki zauna JAMB, ki fara daga aji ɗaya. Hannunki da ya saba da allurar rigakafi da awon ciki zai taimake ki a asibiti ƙwarai. In kuma shekara huɗu sun yi miki nisa, layinki ma yana da gaba, akwai kwas ɗin CHO, na zama jami'in lafiyar al'umma.

Tambaya: Na samu gurbi, alhamdu lillahi. Amma an ce ana korar mutane bayan wata shida. Me zan karanta kafin a koma?
Sabuwar ɗaliba daga Katsina

Amsa: Barka, ƴata. Zangon farko, wanda aka fi sani da PTS, rariya ce. Sai an tsallake jarrabawarsa ake aika sunan ɗalibi majalisa. Darasin da ya fi kayar da mutane shi ne na sassan jiki da aikinsu, saboda yawan sababbin sunaye da saurin tafiya. Hadda kaɗai ba ta fitar da mutum. Ki ɗauko littafin Bayoloji na sakandare ki koma kan zuciya da zagayen jini, numfashi, ƙoda, narkewar abinci da ƙasusuwa 206 na jikin baligi. Ki zana zuciya da ɗakunanta huɗu ba tare da kallon littafi ba, ki bi jini daga shigarsa har fitarsa da bakinki, har sai kin iya bayyana wa ƙanwarki.

Na biyu Lissafi ne, musamman kaso da ɗigon goma. Ga irin abin da za ki tarar. Yaro mai kilo 12, an rubuta masa farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, 180 ke nan. Kwalbar ta ce miligiram 120 a cikin mililita 5. Ki raba 180 da 120, ki ninka da 5, ya ba ki mililita 7.5. Ko ƙarin ruwa: leda mai mililita 500 za ta ƙare cikin awa 4, robar kuma ɗigo 20 ke cika mililita ɗaya. Ki ninka 500 da 20, ki raba da minti 240, kusan ɗigo 42 ke nan a minti. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa a mayar da awa minti, ko gusar da ɗigon goma wuri ɗaya, wanda ke ninka magani sau goma. A takarda maki ne ya zube, a gadon yara kuwa rai ne.

Turanci ma kada ki raina shi. Da shi ake rubuta rahoton maras lafiya, jarrabawar majalisa kuma a kwamfuta ake amsa ta, bayan ta aikin hannu da ake bi tasha-tasha ana duba agogo. In ba ki taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ki koya kafin a koma. Ki kuma nemi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku ce cikin wata shida, gara a fara kafin a tura ku asibiti.

Tambaya: Wani asibiti mai zaman kansa a unguwarmu ya ce zai koya wa ƙanwata aikin nas cikin shekara ɗaya da rabi, har da satifiket da farin kaya. Kuɗin ba su da yawa. In biya?
Yaya daga Daura

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Asibiti ba shi da ikon yaye nas, komai girmansa. Satifiket ɗin nan ba ya kai ta rajista, gwamnati ba ta ɗaukar ta da shi a matsayin nas, ranar da allura ta yi gardama kuma ita doka za ta kama. Makarantu masu zaman kansu na gaskiya suna nan, hanyar gane su kuma ba wuya. Ka duba sunan makarantar a jerin waɗanda NMCN ta amince da su a shafinta na intanet, ka tabbata kwas ɗin da take so ne aka amince da shi, don akan yarje wa makaranta jinya ba a yarje mata ungozoma ba. Ka tambayi ɗalibai nawa majalisa ta ba su damar ɗauka a shekara, ka kwatanta da yawan da ke aji, don rarar da aka ɗora a kai ba ta samun lamba. Ka nemi ɗaliban aji biyu ka tambaye su ko lambarsu ta majalisa ta fito, da asibitin da suke zuwa aikin koyo. Kuɗi kuma a asusun makaranta ake biya, a karɓi rasit, ba a hannun dillalin gurbi ba.