Ba 2-ethylbutane ba ne, sake ƙirga kabon ɗinka

Kana tambaya me ya sa malaminku ya soke maka 2-ethylbutane a CH3-CH(C2H5)-CH2-CH3 alhali kabon 4 ne a jere. To gaskiya malam ne da gaskiya, sunansa 3-methylpentane. A dokar IUPAC, ƙungiyar duniya da ke tsara sunayen sinadarai, sarƙar kabon mafi tsawo ake nema, ko da ta lanƙwasa, ba wadda aka zana a miƙe ba. In ka fara daga ƙarshen C2H5 ɗin nan (wato ethyl) ka bi ta CH ka wuce dama kabon 5 za ka samu, shi ya sa pent (wato biyar), sai CH3 na hagu (wato methyl) ya koma reshe a kan kabon na 3.

Ni ma haka na dinga faɗawa tarkon nan har sai da na koyi warware komai a takarda, in zana kabon ɗaya bayan ɗaya in bi da fensir ba tare da ɗaga hannu ba, kuma duk sanda na ga 2-ethyl a sunan alkane (sinadari irin wannan, mai kabon da hydrogen kaɗai) na san na yi kuskure. Amma fa in akwai OH (oxygen haɗe da hydrogen, kamar a alcohol) a ciki to dole sarƙar ta haɗa da kabon da ke riƙe da shi, kuma daga gefen da ya fi kusa da shi za ka fara ƙirga.