Me ya sa giraf ɗina a MATLAB yake fitowa kamar haƙoran zarto?

Tambaya: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne, kwanan nan na fara amfani da MATLAB, manhajar lissafi da zanen giraf, saboda furojet ɗina. Na rubuta x = 0:10 sai y = sin(x) sai plot(x,y), amma abin da ya fito duk kusurwa-kusurwa ne kamar haƙoran zarto, ba irin wanda muke gani a littafi ba. Da na gwada tan(x) kuma sai wasu dogayen layuka suka miƙe tsaye a tsakiyar zanen. Sannan layuka uku da na haɗa a zane ɗaya, a kwamfuta kowanne da kalarsa, amma da aka buga a takarda baƙi da fari malamin da ke duba aikina ya ce bai gane wanne ne wanne ba. Manhajar ce ke da matsala ko ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Manhajar lafiyarta lau, kai ma ba wani babban laifi ka yi ba, abu ɗaya ne ba a faɗa maka ba tun farko: shi plot bai san wani abu wai shi sin ko tan ba. Lambobi kawai yake karɓa, ya ɗiga ɗigo a inda kowane x ya haɗu da y ɗinsa, sannan ya ja miƙaƙƙen layi daga wannan ɗigo zuwa na gaba, shikenan aikinsa. Duk wata lanƙwasa mai kyau da ka taɓa gani a giraf na kwamfuta ƙananan miƙaƙƙun layuka ne da suka yi yawa har ido ya kasa rabe su.

To kai da ka rubuta 0:10 ɗigo 11 kacal ka ba shi, alhali sin yana gama zagaye ɗaya ne a wajen 6.28, kenan kowane zagaye ɗigo shida ko bakwai ya samu, ai dole ya yi kusurwa. Ka canza zuwa x = linspace(0,10,500), wato ɗigo 500 daga 0 zuwa 10, ka sake gwadawa, nan take za ka ga ya kwanta sumul. In ba ka saka lamba ta ukun ba ɗigo 100 zai ba ka, wanda sau da yawa ya isa. Kuma kai ka ma yi sa'a tunda naka ya fito da muni har ka lura, akwai wanda ya fi wannan haɗari. Gwada sin(2*pi*x) da wancan 0:10 ɗin naka, duk ɗigon za su faɗa daidai inda amsar take sifili, abin da zai rage sai ɗan kuskuren ƙididdigar kwamfuta, sai MATLAB ya buɗe ma'aunin ya zana maka wannan kuskuren kamar wani abin kirki, in ba ka duba saman kusurwar hagu ka ga an rubuta 10^-15 ba sai ka ɗauka sakamako ne ka kai wa malami.

Maganar tan ma duk tushen ɗaya ne. Dab da 1.57 amsar tana haurawa sama ba iyaka, da an wuce wurin kaɗan kuma sai ta ɓullo daga can ƙasa, shi kuwa plot ba ruwansa, ya ga ɗigo a sama ya ga na gaba a ƙasa sai ya haɗa su. Wannan layin na tsaye ba ya cikin lissafin ko kaɗan. Maganinsa NaN, wato alamar da ke nufin ba lamba ba ce, domin duk inda plot ya ci karo da NaN yana ɗaga alƙalami ne ya tsallake. Bayan ka lissafa y sai ka rubuta y(abs(y)>20) = NaN, ka zana, sannan ylim([-10 10]) don kar manyan lambobin su danne sauran zanen. In kuma ba ka son wannan wahalar akwai fplot, ka rubuta fplot(@(x) tan(x), [0 10]), shi wannan lissafin kansa kake miƙa masa, shi yake zaɓar ɗigonsa kuma yana ƙara su a inda layin ke saurin juyawa. Ni dai na fi son ɗalibi ya fara sabawa da plot tukunna, saboda ranar da za a ba ka lambobin da aka auno daga gwaji babu wani fplot da zai cece ka.

Tunda muna nan bari in rigaye ka zuwa ramin da ke gabanka, ko da ba ka tambaya ba. Ranar da ka rubuta y = x^2 zai watso maka jan rubutu, saboda MATLAB tun asalinsa, lokacin da Cleve Moler ya fara rubuta shi a ƙarshen shekarun 1970, don lissafin matiris, wato lambobin da aka jera sahu-sahu kamar jadawali, aka yi shi, to alamar ^ da * da / a wurinsa na matiris ne. In kana nufin kowace lamba a yi mata ita kaɗai sai ka sa ɗigo a gaba: x.^2, x.*y, x./y. Jan rubutun ma da sauƙi tunda ya faɗa maka. Wanda ke sa mutum ciwon kai shi ne sin(x)/x ba ɗigo, ba zai yi ƙorafi ba, lamba ɗaya tak zai ba ka a madadin 500, ka zana ka ga fili fari fat ba layi ba komai, kana ta tunanin kwamfutar ce ta lalace.

Sai batun malaminka, kuma gaskiyarsa ne. Kalolin da MATLAB yake zaɓa da kansa tun fitowar samfurinsa na R2014b, shuɗi sai ruwan lemo sai rawaya, a sikirin suna da kyau amma firinta baƙi da fari duk toka-toka take mayar da su, ga shi kaurin layin na asali 0.5 ne kawai, siriri sosai. Ban da haka akwai mutane da dama, yawanci maza, da idonsu ba ya rabe ja da kore, don haka kar ka taɓa barin kala ita kaɗai ta ɗauki nauyin bambancewa. Salon layi huɗu ne: '-' miƙaƙƙe, '--' tsinke-tsinke, ':' ɗige-ɗige, sai '-.' gauraye. Kala kuma harafi ɗaya ce, r ja, g kore, b shuɗi, k baƙi. Kana iya haɗa su a wuri ɗaya, in y1 da y2 da y3 su ne layukanka uku:

plot(x,y1,'k-','LineWidth',1.5)
hold on
plot(x,y2,'b--','LineWidth',1.5)
plot(x,y3,'r-.','LineWidth',1.5)
hold off

Wannan hold on ɗin shi ke hana sabon layi goge na baya. Daga nan xlabel da ylabel don sa wa gefen x da na y suna, kuma don Allah ka rubuta ma'aunin, sakan ne ko mita ne, sai legend da sunayen layukan a jeren da ka zana su. Rubutun gefe ma ka ɗaga shi da set(gca,'FontSize',12) domin in aka matse zanen cikin shafi ƙanƙancewa yake yi.

Alamomin da ake sa wa ɗigo, irin su 'o' (da'ira) da 's' (murabba'i) da '^' (mai kusurwa uku), ga yadda nake ganin ya kamata a yi da su: abin da aka auno a gwaji a sa masa alama zalla ba layi, abin da lissafi ya bayar a ja masa layi zalla ba alama, mai karatu da ya kalla ya san wanne ne awo wanne ne hasashe. In ka sa 'o' a layi mai ɗigo 500 kuwa dunƙulewa zai yi ya zama wata igiya mai kauri, sai dai ka ƙara 'MarkerIndices',1:50:500 ya riƙa sa alamar duk bayan ɗigo 50, wannan daga R2016b ya fara aiki. Kuma in lambobin gwajinka suka fito a karkace kar ka je neman dabarar da za ta goge su su yi santsi don zane ya burge, ƙara ɗigo na lissafi ne kawai, awo yadda ya zo haka ake nuna shi.

Wajen fitar da zanen kar ka ɗauki hoton sikirin ka manna, shi ne yake fitowa dishi-dishi a takarda. In naka R2020a ne ko sama, exportgraphics(gcf,'zane.pdf','ContentType','vector') zai ba ka wanda ko an faɗaɗa shi ba ya fashewa, in kuma hoto ake so ka sa sunan ya ƙare da .png ka ba shi 'Resolution',300. In wata rana ka koma GNU Octave, wata manhaja mai kama da MATLAB wadda kyauta ce, plot da linspace da hold on da dabarar NaN duk haka suke aiki, sai dai wajen ajiyewa ka yi amfani da print -dpdf zane.pdf. Kafin ka sake kai wa malamin ka fara buga shafin nan ɗaya a baƙi da fari ka duba da idonka.