Na tuba na gyara, amma kaɗaici ya isheni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas kenan da Allah ya shiryeni, na bar shaye-shaye da yawon dare, na kama sallah da karatu. To amma abokaina duk sun watse, a gida ma ƙannena sai zolayata suke wai ustaz. Wani ya ce min haka hanyar take, duk wanda ya kama gaskiya dole ya zauna shi kaɗai. Wallahi wani lokacin har kuka nake da daddare. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya tabbatar da kai ɗan'uwa. Kukan nan kar ya tsorata ka, da ka bar saɓon ai ka bar wurin zamanka da abokan hirarka da masu kiranka a waya, dole zuciya ta ji giɓin.

Abin da ya tsaya min a rai maganar wancan mutumin ce, kullum sai na ji ta har na gaji wallahi. Sai su ɗauko hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Musulunci ya fara yana baƙo kuma zai koma baƙo, su ce wa yaro ai kai ne baƙon, rabu da kowa. To wa ya ce baƙunta na nufin mutum ya kulle kansa a ɗaki? A ƙarshen hadisin ma baƙi ya ce, jam'i. Sahabbai a Makka 'yan tsiraru ne ana gana musu azaba amma suna haɗuwa a gidan Arƙam, da aka yi hijira a 622 kuma Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, ya haɗa Abdurrahman bn Auf da Sa'ad bn Rabi'. Kai ko mutumin nan na cikin hadisi da ya kashe rai 99 ya cike na 100, da ya zo tuba wajen wani malami, malamin cewa ya yi da shi tafi gari kaza akwai masu bautar Allah, ka bauta tare da su.

Na san abin da wannan gurguwar fahimta ke haifarwa. Akwai wani matashi da yake zuwa wajena, ya toshe lambar kowa har ta yayarsa, ko sallama aka yi masa da kyar yake amsawa, yana ganin tsoron Allah ne. Ba a rufa shekara ba ya koma ruwa fiye da da, don ranar da ƙarfinsa ya ƙare babu lambar da ya iya tunawa sai ta tsofaffin abokan. Wasu kuma a intanet ake farautarsu, a jawo su guruf ɗin da ake kafirta kowa har iyayensu, alhali Suratu Luƙman aya ta 15 ko iyaye mushirikai ta ce a zauna da su da kyautatawa. Ga masu cewa aljani ne ko sammu kawo kuɗi, su ma kar ka saurare su.

Ka zaɓi masallaci ɗaya ka lizimce shi, in an sallame kar ka ɗau takalmi ka gudu, tsaya ka gaisa, fuskar da aka saba gani ita ake cigiya ran da ba a ganta ba. Ka zauna gaban malamin da mutane suka san shi suka san inda ya yi karatu, a nan za ka samu sa'anninka, mutum biyu ma sun isa. Tsofaffin abokai ka riƙa gaishe su da rana, wurin shan ne dai ba za ka koma ba. Ƙannenka in sun ce ustaz ka amsa da murmushi, za su gaji.

Amma in abin ya kai sati biyu ba barci ba cin abinci, ko kana jin gara ka mutu, to maza ka ga likita, ka kuma gaya wa wani babba a gida yau ɗin nan.