Kajina sun ƙi sandar da na sa musu a akurki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kajin gida 14 da zakara ɗaya a nan Garuwa. Na gina musu akurki, na gitta bututun ƙarfe don su riƙa kwana a kai, amma sun ƙi. Wasu na hawa bishiyar darbejiya, wasu na kwana inda suke saka ƙwai suna ɓata shi da kashi. Me zan gyara?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki fara cire bututun nan. Ƙarfe yana da santsi, faratan kaza ba sa kama shi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garuwa ke haura digiri 40, yakan ɗauki zafi sosai, da hunturu kuma ya yi sanyi ƙalau. Kaza ba za ta bar reshe mai daɗin riƙo ta hau wannan ba.

Ki samu katako ko miƙaƙƙen reshe busasshe mai kaurin santimita 4 zuwa 5. In katako ne, kafinta ya goge kaifin gefensa. Kaza tana kwana ne ta zauna a kan ƙafafunta, ƙirjinta na bisa sandar, don haka siririn kara yana gajiyar da ita, mai tsini kuma yana yanka tafin ƙafa har ya kumbura ya tara mugunya.

Kowace kaza ki ba ta taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25. Da zafin wajenmu na fi son 25, domin su sami damar buɗe fukafukai su sha iska. Kajinki 15 na buƙatar kusan mita 4, sai ki yi sanduna biyu masu mita bibbiyu, tsakaninsu santimita 35 zuwa 40, da tazarar santimita 30 daga bango don jela kada ta gogu. Tsayi daga ƙasa santimita 60 zuwa 80 ya ishi kajin gida, masu nauyi kuwa kada ya wuce kamu ɗaya, domin dira daga sama na ji musu ciwo. Sandunan su zama kai ɗaya. In ɗaya ta ɗara, kowa ita zai nema, a yi ta sara kullum da yamma. Kuma lallai su fi wurin ƙwai tudu: kaza wuri mafi bisa take zaɓa, shi ya sa naki suke kwana a kan ƙwai.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne kada a kafe sandar da ƙusa. A yi mata mazauni yadda za ki ɗaga ta ki fitar. Kaskar kaji da ƙananan ƙwarin nan masu ja suna ɓuya da rana a tsagar itace, ƙarƙashin ɓawo da mahaɗar katako, da dare su fito su sha jini. Na sha ganin kaji sun rame, tukkunsu ya koɗe, ƙwai ya ragu, mai su tana ta sayen magani, alhali masifar tana cikin sandar. Sau da yawa ma ƙwarin nan ne ke korar kaji zuwa bishiya. Don haka ki ɓare ɓawon reshe tas kafin ki sa, ki guji gorar da ta tsage. Duk mako biyu ki fitar da sandunan ki kankare, ki shanya a rana. In za a sa baƙin man mota saboda ƙwarin, a shafa a bakin sandar kawai, ban da inda ƙafa ke taka. A ƙarƙashin sandunan ki zuba toka ko yashi ki riƙa sharewa, kashin kuma taki ne mai kyau ga shuka. Kada kwanon ruwa ko na dusa ya zauna a wurin.

Waɗanda suka saba da bishiya ba za su dawo da kansu ba. Bayan duhu ya yi, ki ɗauko su a hankali ki ɗora a sandar ki rufe ƙofa, ki yi haka kamar mako guda a jere.